Takardar Wasiyyar Jabu da ta Tona Asirin Likita

Jama'a da yawa, musamman mu mazauna Kurmi da ba mu son duk abin da zai haɗa mu da caji ofis, suna ɗauka cewa shari'ar kisan kai aba ce da ake farawa daga gawa a ƙare a kan wanda aka gani da wuƙa a hannu. Ba haka abin yake ba sau da yawa. Akan sami bincike biyu ko uku, kowanne da fayil ɗinsa da ofishinsa, wani a kan sata, wani a kan takardun jabu, wani a kan ƙwaya, sai ran da aka jera su wuri guda sa'an nan a ga ashe mutum ɗaya duk suke nunawa. Shari'ar likita Harold Shipman ta ƙasar Ingila ta isa misali, ko da yake mai ɗaci ne.

Shi wannan mutum likita ne a garin Hyde, kusa da birnin Mancesta, kuma mutanen garin suna ganin girmansa ƙwarai don yakan bi tsofaffi har gida ya duba su. Amma tun kafin ya zo Hyde yana da tabo. A shekarar 1975, lokacin da yake aiki a garin Todmorden, an kama shi yana rubuta takardun magani na ƙarya don ya sami wata allurar kashe zafi mai suna fetidin wadda ya kamu da jarabarta. A 1976 kotu ta ci shi tarar fam 600, aka rufe fayil, ya koma aikinsa. Wannan shi ne bincike na farko, kuma ba wanda ya ce a cikinsa akwai maganar kisa.

Bayan shekara 22, watau cikin watan Maris na 1998, wata likita da ke aiki a asibitin da ke maƙwabtaka da nasa ta lura da wani abu. A ƙasar tasu a wancan lokacin, ba a ƙona gawa sai likita na biyu ya sa hannu a takarda, to ita kuwa ta ga takardun da ke fitowa daga wajen Shipman sun yi yawa, kuma galibinsu na tsofaffin mata ne da aka tarar sun cika a gidajensu. Ta kai magana wurin alƙalin binciken mutuwa, shi kuma ya miƙa wa 'yan sanda. Suka ɗan taɓa abin sama-sama, suka rufe ran 17 ga watan Afrilu, wai ba hujja. Ba su nemi a duba gawa ko ɗaya ba, kuma abin da ya fi ba ni takaici, ba su buɗe kundin masu laifi sun ga ko sunan likitan yana ciki ba, alhali kuwa yana nan tun 1976. Daga ran da suka rufe wannan fayil zuwa ran da aka kama shi, mata uku ya ƙara kashewa.

Ta ƙarshensu ita ce Kathleen Grundy, tsohuwa mai shekara 81, wadda ta rasu ran 24 ga watan Yuni na 1998. Shipman ya rubuta a takardar shaida cewa tsufa ne ajalinta. Da a nan maganar ta mutu, sai ga wata takardar wasiyya ta ɓullo wadda ta ce marigayiyar ta bar wa likitanta dukiyarta, kimanin fam 386,000, ta hana 'yarta da jikokinta. 'Yar kuwa lauya ce. Da ta ga irin rubutun, da kurakuran da uwarta ba za ta taɓa yi ba, sai ta kai ƙara. A lura fa, ƙarar wasiyyar jabu ta kai. To amma duk ɗan sanda mai hankali da aka kawo wa wasiyyar jabu dole ya tambayi kansa wa ke cin moriyar mutuwar, kuma wa ya ga mamacin a ƙarshe. Amsar duka biyun mutum ɗaya ce.

Daga nan ne hanyoyin suka fara haɗuwa. Wasiyyar ta nemi a ƙone gawar, amma iyalin sun riga sun binne ta, don haka aka tono ta, aka sami maganin mofin mai yawa a jikinta. Aka binciki wurin aikin likitan aka sami tafiretar da aka buga wasiyyar da ita, ya ce ai marigayiyar ce takan ara. Sai kuma aka sami zanen yatsansa a jikin takardar. Aka kama shi ran 7 ga watan Satumba. Masu binciken kwamfutarsa suka gano cewa yakan koma bayanan marar lafiya bayan ta mutu ya ƙara mata ciwon da ba ta taɓa yi ba, ya sa tsohon kwanan wata, bai san injin yana ajiye ainihin ranar da aka shigar da kowane rubutu ba. Masu bin sawun magani kuma suka ga yadda yake tara allurar, ta hanyar rubuta wa masu ciwon ajali fiye da bukatarsu da kwashe ragowar idan sun cika. Sai a lokacin aka koma ga tsohon ƙorafin likitar nan na watan Maris, aka ga ashe gaskiya ta faɗa. Ran 31 ga watan Janairu na 2000 kotu a garin Preston ta same shi da laifin kisan mata 15 da kuma ƙirƙirar wasiyya. Waɗansu daga cikin matan nan an riga an ƙone gawarsu, ba abin da likitan gawa zai duba, amma kamannin yadda suka mutu da na waɗanda aka tono, da kuma bayanan kwamfutar, suka tsaya a madadin gawa. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Janet Smith ya ƙidaya mutum 215 a rahotonsa na 2002, daga baya ya ce adadin zai kai wajen 250.

Na san akwai masu cewa wannan hanya tana da haɗari, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. Idan aka ce duk wanda ya taɓa laifi a ɗora masa sabo, to talaka da baƙo su za su fara shan wuya, mu kuwa da ke zaune a garin wasu mun san yadda ake yi wa baƙo kuɗin goro. Amma a duba yadda aka yi a wannan shari'a. Masu taya alƙali yanke hukunci ba a gaya musu hukuncin 1976 ba sai bayan sun gama yanke nasu. Tsohon fayil aikinsa ya nuna wa ɗan sanda inda zai haƙa, amma a gaban kotu sai an kawo hujjar laifin da ake tuhuma a kansa, tafireta da zanen yatsa da sakamakon gwajin gawa. Laifin 'yan sandan watan Maris shi ne sun ƙi ko leƙa fayil ɗin.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne halinmu na rufe ƙananan al'amura. A Agege ko Sabo ta Badun ko Fatakwal, idan mutum ya rasu ba zato, ga kuma wani ya fito da takardar cewa mamacin ya sayar masa da rumfa ko ya bar masa mota, mukan kai maganar gaban Sarkin Hausawa a sasanta, a ce a bar wa Allah. Sulhu abu ne mai kyau a kan bashi da rikicin kasuwa, kuma ba na musun cewa mutane suna da dalilin gudun caji ofis. Amma takardar jabu da ta biyo bayan mutuwa ta wuce hurumin zauren sarki, domin ba wanda ya sani ko wani ofishin yana riƙe da ragowar labarin. Haka nan maganar duba gawa. Addininmu ya umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma ba mai son a taɓa ɗan'uwansa, amma inda akwai shakka mai ƙarfi, jinkirin yini guda don likita ya duba ya fi a zo ana neman izinin tono kabari bayan wata guda, kamar yadda ya faru da iyalin tsohuwar nan ta Hyde.

Su kuma hukumomin 'yan sanda, tambayata gare su ɗaya ce: idan aka kama mutum a Ikko yau, minti nawa zai ɗauki mai bincike kafin ya san ko an taɓa hukunta shi a Kano ko Anaca?