Dolfin Mai Tozo

Wanda iyakar ruwansa Matsirga ta Kafanchan, in aka nuna masa dolfin sai ya ce kifi ne. To, ba kifi ba ne, don macen haihuwa take yi ta shayar, kamar ayu. Akwai wani iri mai tozo a gadon baya, wanda ba a samunsa sai a gaɓar yammacin Afirka, daga Dakhla har Angola. A 1892 wani Bajamushe, Kükenthal, ya ware shi daban, bayan ya duba ƙoƙon kan da aka samo daga Kamaru. Kusa da gaɓa yake kiwo, daidai inda masunta ke baza raga, raga kuwa ba ta zaɓe. An ƙiyasta duk duniya ba su kai 3,000 ba.