Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Wasanni Na Jihar Sakkwato

Ranka ya daɗe,

Ko da yake Najeriya ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka a 1973 da 2003, aka kuma zuba dukiya mai yawa a filayen Legas da Abuja, fa'idar hakan ba ta riski samarin Isa da Sabon Birni ba, domin mai kallo ba ya zufa. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa, waɗanda suke gasar kokawa ta neman takobi tun 1975, sun kafa ta ne bisa kokawar ƙauyuka ta bayan kaka. Saboda haka muna roƙon hukuma ta tabbatar da aminci, ta gyara filayen makarantu, ta raya kokawa da langa a ƙasar Gobir, domin lafiyar jiki amana ce daga Allah.

Wassalam.