Zauren Tarbiyya: Agogon Yo-kai da Ƴaƴanmu

Yau za mu duba Yo-kai Watch, wasan zane na ƙasar Japan da aka fara nunawa a 2014. Labarin wani yaro ne mai agogon da ke nuna masa halittun ɓoye, yana kiransu su taimake shi.

Wasan na da raha, babu zubar da jini, yana kuma koyar da amana tsakanin abokai. Illarsa ita ce, duk mantuwa, ƙiwuya ko faɗa, sai a ɗora wa yokai laifin. Alhali kowa za a tambaye shi aikinsa, kuma Allah kaɗai ake roƙo.

Mu riƙa kallo tare da ƴaƴanmu muna fahimtar da su. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.