Tallafin Manoma a Adar: Ciwon Makara Ne

A ofisoshin Yamai da majalisun 'yan boko na Tawa wata magana ta zama yayi: wai tallafin gwamnati ya ɓata manoma, sun miƙe ƙafa suna jiran buhu. Masu faɗin haka ya kamata a kwashe su zuwa Ibohamane ta ƙasar Keita cikin zafin Afrilu, a tsayar da su kan fako su duba da kyau.

Duwatsun da ke jere kan tuddan nan hannu ne ya jera su. Tun 1984, shekarar yunwar El-Buhari, da aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya ƙarƙashin hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, mutanen Adar ke haƙa ramukan tare ruwa, suna ɗaukar dutse a ka, suna dasa itatuwa, ladan wuni kuwa a lokacin aikin abinci ne daga hukumar abinci ta duniya, PAM. Galibinsu mata ne, don maza sun tafi biɗa. Waɗannan ake kira ragwaye?

Ciwon tallafin nan makara ne. Kafin ƙarshen Nuwamba malaman gona sun gama zagaye, an san garuruwan da damina ta ƙi. Mai gida shi tun ranar da ya ƙidaya dammunansa ya san watan da rumbu zai ƙare. Amma rabon hatsi kyauta da kuɗin hannu, wanda a baya jika 32 da rabi ne ga gida a wata, sai wajen Yuni zuwa Agusta suke isowa. Kafin nan an kai akuya kasuwa an sayar a wulaƙance, an ci irin shuka, gonar fadama ta tafi jingina, samari sun kama hanyar Abijan ko Libiya. Ruwa na sauka, mai gida na barema a gonar wani don tiya ɗaya ta tuwon dare, tasa gonar haki na cinye ta. Kaka ta zo ya sake tashi da giɓi, sai mai zaman ofis ya ce ai ga shi, ba su son aiki.

Hatsin rahusa na ofishin abinci na gwamnati, OPVN, buhu mai kilo 100 a jika 13, sauƙi ne ga mai jikar a aljihu. An ga iyakarsa a 2005, bayan fari da farar 2004, lokacin da gwamnatin Tandja ta yi watanni tana riƙe da sayarwa cikin rahusa kafin ta yarda da rabon kyauta, alhali yara na cika cibiyoyin tamowa.

Akwai son kai wajen rubuta sunaye, ba na musu. Wani mai gari da danginsa yake farawa. Sai dai masu binciken cibiyar nazari ta LASDEL, su Olivier de Sardan, sun tarar cewa a wasu ƙauyuka, da masu rabo sun juya baya, ake tattara kuɗin a sake raba wa kowa. Ofis na kiran wannan maguɗi. Mutanen gari kuwa sun san fari bai tsallake gonar kowa ba.

A biya a Disamba, lokacin da tiya ke da araha kuma akuyar tana ɗaure a turke. Kuɗin da ake kashewa a Yuli, su ɗin dai ake nema, a matso da su wata bakwai baya.