Ba Ɗari Ke Kashe Albarushi Ba

Kowace shekara idan an gama kaka, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, maharban ƙasar Daura su kan sauko da bindigoginsu na toka su kakkaɓe. Daga Babban Mutum zuwa Baure da Zango, har kan iyakar Nijar, lokacin neman zomo ne da fakara da zabon daji. A wannan lokaci ne kuma wata magana ta kan tashi a kasuwa da bakin maƙera, wai ɗari yana kashe albarushi, saboda haka mai fita da asuba sai ya ƙara awo, ko ya nemi gari mai zafi, ko ya ɗan gasa nasa a bakin wuta. Wannan magana ƙarya ce, ƙarya kuwa mai cin yatsu da idanu. Ku 'yan makaranta na ke so ku ji dalili, gama ku ne za ku kai shi gida.

Mu fara da harshenmu. Bahaushe bai haɗa ɗari da sanyi ba. Sanyi na damina ne, mai laima, wanda ke sa gishiri ya jiƙe a ƙoƙo, ashana ta ƙi kamawa. Ɗari kuwa na hunturu ne, busasshe, mai tsaga leɓe da dugadugai. To, albarushi abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri wanda shi ke ciyar da wutar. Mutanen Sin suka fara haɗa shi, fiye da shekara 1000 ke nan. Gawayi yana shan laima, gishirin nan kuma ruwa yana narkar da shi. Ashe abokin gaban albarushi sanyi ne, ba ɗari ba. A cikin shekara duka babu lokacin da ya fi hunturu yi masa daɗi.

Ga kuma lissafi. A daren ɗari na Disamba ko Janairu, awon zafi a ƙasar nan ya kan sauka wajen digiri 12, ko ƙasa kaɗan. Albarushi kuwa ba ya kamawa sai zafi ya kai wajen digiri 300. Tartsatsin da zai hau wannan tsauni da rana tsaka a watan Afrilu, ɗarin asuba ba zai hana shi hawa ba.

Wani zai ce, ai ko a ƙasashen Turawa ana kuka da lokacin ɗari. Gaskiya ne. A Amurka da Kanada akwai masu farauta da bindigar ɗuri a cikin dusar ƙanƙara. Amma babbar damuwarsu ita ce, idan aka shigo da bindiga mai sanyi ɗaki mai ɗumi sai ƙarfen ya yi gumi, gumin ya jiƙa ɗurin. Watau nan ma laima ce mai laifi. Suna kuma da sababbin garuruwa irin su Pyrodex, waɗanda suka fi baƙin albarushi wuyar kamawa, shi ya sa mai bindigar ƙanƙara a cikinsu ba ya rabuwa da baƙin. Mu da ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, me ya kai mu aron kukansu?

To, me ke sa bindiga ta ƙi tashi da asuba? Albarushi ne wanda ya kwana damina a ɗaki ya dunƙule. Ko ɗuri ne da aka bari kwana da kwanaki a ciki. Ko tokar harbin bara ce, gama albarushi in ya ƙone fiye da rabinsa hayaƙi ne da toka, tokar nan kuwa tana jawo laima ta cinye ƙarfe. Ko man da aka shafa ne ya gangara gindin bututu. Ko ƙurar hunturu ce ta toshe 'yar kafar da wuta ke bi. Duk wannan sakaci ne, amma sai a ɗora wa ɗari, don ɗari ba shi da bakin musu.

Daga nan sai a shiga neman magani, maganin kuwa ya fi cutar muni. Na farko shi ne ƙara awo. Bututu yana da iyakar abin da zai ɗauka, in an wuce ta, ƙarin ba zomo ya ke nema ba, hannun hagun maharbi ya ke nema. Na biyu shi ne gasa albarushi a bakin wutar da a ke jin ɗumi. Haba jama'a! Wannan ko yaron aji ɗaya ya san ƙarshensa. Na uku shi ne kan ashana, wanda guga ko duka kaɗai ya isa ya tashe shi, mutum kuwa yana danna shi da sandar ɗuri, hannunsa a bakin bindiga. Na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne a farke harsashin bindigar zamani a juye garinsa a ta toka. Wannan gari marar hayaƙi wani Bafaranshe ne, Paul Vieille, ya ƙago shi a 1884, domin bindigogin ƙarfe mai ƙwari da aka ƙera musamman saboda shi. Ƙarfin da ya ke tarawa a cikin bututu ya fi abin da bindigar toka za ta jure nesa ba kusa ba. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan.

Na san abin da za a ce, wai iyaye da kakanni sun yi harbi ba su san digiri ba. Lalle sun yi, amma a duba abin da ke hannunsu. Yarjejeniyar da Turawa suka yi a Burasal a 1890 ta ce bindigar ƙanƙara da baƙin albarushi na fatauci kaɗai za a sayar wa mutanen wannan yanki na Afirka. Ba don ƙauna suka yi haka ba, amma dai garin ya dace da bindigar. A Birmingham ta ƙasar Ingila kuma, tun 1813 akwai gidan gwada bututun bindiga, inda a ke cika shi fiye da kima a harba, in ya jure a buga masa hatimi. Maƙerinmu gwani ne, ba na rena shi. Amma wadda ya ƙera da bututun famfo, mai ɗinki daga sama har ƙasa, wa ya gwada ta? Maharbin ne magwaji, da fuskarsa. Mai cewa yana da tauri kuwa, ya tuna 'yan tauri da wuƙa su ke wasa, ban ji suna wasa da bututun da ya tarwatse ba.

Zaɓen albarushin hunturu ba shi da wuya. A nemi baƙi, wanda aka yi domin bindigar ɗuri, mai ƙwaya daidai wa daida, wanda ke zuba kamar gero, bai dunƙule ba, bai koma ƙura ba. A ajiye shi a rufe, nesa da murhu da randa da hannun yara. Awon da bindiga ta saba da shi a bazara, shi ne awonta a hunturu. A zuba daga ma'auni, kada a kafa bakin gora a bakin bindiga, gama wataƙila da sauran garwashi a ciki. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta yana duban daji a dakata, kada a leƙa. In an harba, a duba inda tsumman ɗuri ya faɗi, domin ciyawar hunturu ba ta jiran gayya, gobarar daji kuwa ba ta san gonar wane ba.

Ku 'yan makaranta, na gwamnati da na mishan, ba na ce ku taɓa bindiga ba, ba aikinku ba ne. Aikinku shi ne in kun je hutu ku faɗa wa baba ko yaya wannan magana cikin ladabi. Karatun da ya tsaya a kan allo bai kai gida ba, rabin karatu ne. Wanda ya ƙi ji kuwa, ba ya ƙi gani ba. Allah ya kiyashe mu, amin.

Daga wani malamin makaranta, Babban Mutum.