Kuɗin Sauyin Yanayi: Diyya Ce Ko Rance?

A taron Kofanhegin na 2009 ne ƙasashe masu arzikin masana'antu suka yi alƙawarin cewa ya zuwa 2020 za su riƙa ba ƙasashe matalauta Dala biliyan 100 a duk shekara, don tunkarar sauyin yanayi. Sai a 2022 suka ce sun cika, shi ma bisa lissafin da su suka yi wa kansu. Abin takaicin shi ne, mafi yawan abin da gwamnatocin nasu suka bayar rance ne. Wato wanda ya cinna wa gidan mutum wuta, shi ne ya dawo yana ba shi rancen guga, har da kuɗin ruwa a kai!

Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Don haka wannan kuɗi haƙƙi ne na wanda aka yi wa ɓarna. Amma a taron Baku na 2024, da raunanan ƙasashe suka nemi Dala tiriliyan 1.3 a shekara, sai aka tsaya a kan biliyan 300, wai kuma sai 2035. Ita kuwa Amurka, wadda ta fi kowa zuba hayaƙin nan a tarihi, a Janairun 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a fitar da ita daga yarjejeniyar Faris, karo na biyu ke nan.

To, su ma mahukuntan gida ba su da bakin magana. Nijeriya ta yi dokar sauyin yanayi tun 2021. A 2022 ambaliya ta kashe mutane fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. Shekara na zagayowa aka ga sunaye 1,411 a tawagar ƙasar zuwa taron Dubai. Da surutu ya yi yawa, gwamnati ta ce ai 422 kawai ta ɗauki nauyinsu. Kawai! A Satumbar 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri.

Akwai Asusun Kula da Muhalli da ake ware wa kaso daga kuɗin tarayya shekara da shekaru, jihohi ma suna karɓar nasu. Kafin wata tawagar ta sake hawa jirgi, ya kamata kowane gwamna ya fito ya gaya wa talakawa nawa ya karɓa, wace madatsa ya gyara, wane magudanin ruwa ya yashe.