Kududdufan Kano da Ruwan Farkon Damina

Duk shekara, idan hadari ya taso daga gabas, ruwan farko ya sauka a birnin Kano, jama'a kan yi hamdala, alhali kuwa ruwan nan da ake murna da shi, kafin ya gama bin lunguna ya faɗa kwata, ya riga ya wanke abin da rani ya tara na kashin dabbobi da bola da tumbatsar masai, ya miƙa su ga kogin Jakara. Ita kuwa Jakara, bayan ta ratsa gari, ta karɓi ruwan mayanka, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, sai ta zube a madatsar Wasai, kuma a gaɓarta 'yan lambu ke ɗiba suna shayar da latas da kabeji da karas, waɗanda galibi ɗanyu ake cin su.

Malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya ba, kuma wannan hukunci ne na ibada. Sai dai likitoci sun tabbatar ruwa kan yi garau a ido alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, irin su E. coli, wadda samunta a ruwa hujja ce ta cewa najasa ta shige shi. Wanda ya tuna annobar kwalara ta 2021, da ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ta halaka fiye da dubu 3, ba zai ɗauki mas'alar nan da wasa ba.

Magani kuwa ba sai mai tsada ba. Tun shekarun 1950 wata masaniya a Jamus, Käthe Seidel, ta nuna cewa ciyayin fadama suna tace ruwa mai dauɗa, daga nan aka shiga gina fadama da hannu: a haƙa fili, a shimfiɗa tsakuwa, a dasa ciyawa, a sako ruwan kwata ya ratsa sannu a hankali na 'yan kwanaki, ta yadda laka za ta kwanta da ƙwayoyin da suka maƙale mata, saiwoyi su tare wasu, hasken rana ya kashe wasu, ƙananan halittu su cinye saura. Kacalla, wadda ta zama musiba ga manoma da masunta a fadamun Haɗeja da Nguru, tana cikin ciyayin da aka fi dasawa don wannan aiki.

Filin ma muna da shi, domin kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, waɗanda a yau ake cikewa da shara ana kafa shaguna a kansu, su ne mazaunin ruwan sama tun asali. Ra'ayina shi ne hukuma ta hana cike waɗanda suka rage, ta mayar da su fadamun tacewa. Mai tsoron sauro yana da gaskiya, amma idan aka tsara ruwan ya bi ƙarƙashin tsakuwa, ba zai kwanta a sarari ba balle sauro ya yi ƙwai. Ruwan da ya fito ba na sha ba ne, amma ya fi ruwan Jakara dacewa da lambu nesa ba kusa ba, da sharaɗin a ɗauki ma'aikata masu yanke kacallar da yashe lakar kafin kowace damina.